Karsanar Inna

Gara in faɗa da bakina tun yanzu, kafin wani tsohon da ya san zancen ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba kuma irin wawan da ake yi wa uzuri a ce bai taɓa ganin allo ba. Ni wawa ne mai takarda a aljihu, wanda ya yi shekara uku cur a lakwal, wato makarantar boko, ta Matameye kafin rasuwar mahaifina ta maido ni gona. Shekara uku, ku lura, ba biyu ba. A unguwarmu a lokacin, ilimi ne mai nauyi.

A lakwal an koya mana shanu da Faransanci, kuma iri uku ne kacal: namiji, mace, da ɗansu. Akwai hotonsu a littafi, sun jeru kamar masu jiran kumandan, Baturen mulki. Namijin da ƙaton wuya da kayansa a fili, macen da hantsa har ƙasa, ɗan kuwa yana gefe yana kallon mai karatu. Na haddace su, aka tambaye ni na amsa, ba a doke ni ba. Daga ranar na ɗauka na gama da shanu.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta da dukiya mai numfashi sai guda ɗaya. Shekarar da ta fita takaba, ta sami wata 'yar maraƙa ja wadda uwarta ta mutu ta bari, mai ita ya fid da rai za ta yi kwana uku. Inna ta kawo ta cikin gida ta ɗaure kusa da madafa. Ta ba ta nonon akuya da yatsa, ta ba ta kunu, da ta fara tauna ta koma dama mata dusa da kanwa a wani tsohon ƙoƙo mai ɗinki. Da sanyin asuba zanenta take lulluɓa mata. Mu 'ya'yan gida ba mu taɓa samun wannan gata ba, kuma na faɗa mata haka, ta ce mu ai muna da bakin roƙo.

Da maraƙar ta fi ƙarfin tsakar gida, Inna ta miƙa ta ga wani dattijon Bafulatani, aminin mahaifina, wanda ke sauka da garkensa a gonarmu duk bayan kaka, shanu su ci kara su bar mana taki. Ƙa'idar ba ta da wuya: nono nasa, dabba da abin da ta haifa na Inna. Ba a kira shaida ba, don ba a kiran shaida tsakanin irin waɗannan mutane. Ni ne dai na ga abin bai yi kama da aikin masu ilimi ba, na yago takarda daga tsohon littafina, na tsaya gaban maraƙar na rubuta: maraƙa ɗaya, mace, ja, farin goshi, kunnen hagu a tsage, ba ƙaho. Na sa hannu a ƙasa kamar yadda na ga ana yi. Dattijon ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce Allah ya ƙara basira. Yanzu da na tsufa na gane ba yabo ba ne, addu'a ce ta gaske, don ya ga ina bukata.

Shekara shida suka wuce. Duk rani ina Kano wajen dakon buhunan gyaɗa, ina rubuta wa 'yan garinmu wasiƙa in sun matsa, sai an ga hadari in dawo. Lokacin da garken ke sauka gonarmu ni na riga na ƙetare iyaka, lokacin da nake dawowa su suna shirin tashi arewa. Ban ƙara sa dabbar nan a ido ba. Abin da na sani kawai, Inna ba ta da zance sai nata. Karsanata ta yi ƙiba. Karsanata ta gane ni tun daga nesa. Bana karsanata ta sha wuya, ciyawa ta yi ƙaranci. Ni kuwa zancen yana shiga ta nan ya fita ta can.

Wannan shekarar, 'yan shekaru kafin Nasara su tattara su ba mu ƙasa, na dawo da bazara na tarar da abu biyu. Kurkunu ya fito wa Inna a idon sawu, ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi, an naɗe kan tsutsar a ɗan tsinke ana ja kaɗan-kaɗan kullum safe. Ko bayan gida da rarrafe take zuwa. Na biyun kuma, dattijon ya rasu a rugarsu da ke kan hanyar Yauri. 'Ya'yansa maza ba su jituwa, suna so a raba gado kowa ya kora nasa kafin ruwa ya sauka manoma su yi shuka. Aka aiko cewa ranar Alhamis malaminsu zai raba, washegari su tashi. Duk mai ajiya a garken ya zo ya nuna abinsa. Wanda bai nuna ba, dabbarsa ta shiga gado.

Inna ta daina cin abinci. Ba ta kuka, ita ba mai kuka ba ce, sai dai in ga ta zuba wa gurbin turken nan na kusa da madafa ido, wanda shekara shida babu komai a kai.

Ranar Laraba da yamma ta kira ni.

"Zauna, yaro, in kwatanta maka ita. Ka ga ƙahonta na dama ya ɗan karkata, tun shekarar da ta..."

"Inna, kada ki wahalar da kanki. Komai yana cikin takarda."

"Wace takarda?"

Na ciro ta daga cikin gafakar da nake ajiya, ta yi ja don tsufa, na karanta mata da murya irin ta masu fassara a gaban kumandan.

Ta ce, "To ai ba haka take ba yanzu. Tsaya ka ji, ta riga ta..."

"Na sani, Inna, ta girma. Ai ba yaro ba ne ni. Maraƙa in ta girma ta zama karsana, ke ma haka kike kiranta. Ja, farin goshi, kunne a tsage. Ko makaho ya gane."

Zafin ƙafa ya hana ta ja da ni. Can ta ce, "To. Amma ka tafi da wannan." Ta turo mini tsohon ƙoƙon nan mai ɗinki, da ƙullin dusa da kanwa, da wani zanenta da ya ƙoshi da hayaƙi da man gyaɗa. "In ka je ka yafa zanen, ka dama dusar, ka ƙwanƙwasa ƙoƙon. Ba kai za ka neme ta ba, ita za ta neme ka."

Na ce to. Amma ku duba lamarin da idon adalci. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, da wandon kaki da ya sayo a Kano, da hula sabuwa, a ce ya shiga taron maza ya yafa zanen mace yana buga ƙoƙo kamar mai tallar fura. Da asuba da zan fita, na tura ƙoƙon da zanen bayan ƙyauren zaure, na dafa aljihu na ji takarda tana nan, na kama hanya.

Na bar gonakin gari na miƙi hanya. Gabas ta yi duhu-duhu, iska ba ta motsi, irin zafin nan da ke sa riga ta manne wa mutum tun hantsi bai yi ba. Ina tafe ina maimaita ja, farin goshi, kunne a tsage, kamar mai tilawa.

Na isa na tarar an shimfiɗa wa Malam buzu a ƙarƙashin wani gawo, Alƙur'ani a gabansa cikin gafaka. 'Ya'yan mamacin suna tsaye, kowa da sandarsa a kafaɗa, ba mai kallon ɗan'uwansa. Babbansu dogo ne siriri, idonsa ja don rashin barci. Matar mamacin tana takaba, ba ta fito ba, tana zaune daga bakin bukka, sai ƙafafunta ake gani. Garken kuwa an tsare shi a fili ba a sake shi kiwo ba. Ban taɓa tsayawa kusa da shanu masu yawa haka ba. Ƙaho ne ko'ina.

Akwai wani mutum a gabana, ya zo da zancen wai yana da bijimi a garken. Aka ce ya nuna, ya nuna. Aka ce ya yi alwala ya dafa littafi, sai ya tuna wai kamar a wani garken ne ya yi ajiyar. Ya tafi ba sallama. Babban ɗan ya tofar da yawu ya ce, "Na uku ke nan tun jiya. Tsoho ya mutu, kowa ya tuna yana da saniya."

Sai ya juyo gare ni. Na gaishe shi, na yi masa gaisuwar rashi, na faɗi ko ni ɗan wane ne.

Ya ce, "Na san gonarku. Na san tsohuwarka tana zuwa wajen baba. Amma ni shekaruna huɗu ina gabas da nawa shanun, ban san wace ce tata ba, kuma ba zan ba da abin marayu a kan zato ba. Me kuka ajiye?"

"Saniya."

"Wace iri?"

"Mace."

Wani daga cikin ƙannensa ya juya baya, kafaɗarsa tana rawa don dariya.

Babban ya ce, "Kaɗo, duk saniya mace ce. Maraƙa ce mai shan nono? Karsana ce da ba ta taɓa haihuwa ba? Mai ɗa ce ana tatsa? Juya ce da ba ta ɗaukar ciki? Ko guzuma ce da haƙora suka ƙare? Wacce?"

Ya jero su kamar mai kiran 'ya'yansa. Ni kuwa a littafina mace ɗaya ce. Na ciro takarda, don in mutum ya rasa abin faɗa gara ya riƙe wani abu.

"Karsana ce. Ga shi a rubuce."

Daga bakin bukka muryar tsohuwar, matar mamacin, ta fito, a hankali. "Ɗan nan, uwarka ba ta ba ka saƙo ba? Ba ta ba ka wani abu ka riƙo ba?"

"Goggo, ga takarda ai."

Ta ce, "Uhm." Daga baya na ji cewa ta so ta yi magana tun farko, 'ya'yan suka ce tana cikin masu gado, kuma kowa ya san ƙawar Inna ce, bakinta ba zai shiga ba.

Malam ya yi gyaran murya. "Ƙa'ida ɗaya ce ga kowa, samari. Ka shiga garke, ka dafa dabbarka da hannunka. Ka zo ka yi alwala, ka rantse ita ce. In ka rantse, taka ce, tsakaninka da Allah. Amma sau ɗaya ake dafawa. Ba kasuwa ba ce da za ka taɓa wannan ka taɓa waccan."

Na shiga. Abu na farko da na gano shi ne, duk dabbar da ke garken nan kunnenta na hagu a tsage yake. Ashe alamar gidan ce, dattijon ya tsaga wa maraƙar Inna ranar da ya karɓe ta, ni kuma na rubuta abin kamar wani babban sirri. Layi ɗaya na takardata ya mutu. Layin ba ƙaho ya riga ya mutu da kansa. Saura ja da farin goshi. Na duba, jajaye sun fi ashirin, masu farin goshi a cikinsu sun kai bakwai ko takwas.

Na tuna idon Inna a kan turken nan. Na tuna kuma wani mutumin unguwarmu da aka ce ya rantse a kan gonar da ba tasa ba, bai ga kaka ba. Ko gaskiya ne ko ƙarya, ni dai na ga kabarinsa. In na dafa ba daidai ba na rantse, na hallaka kaina. In na ƙi dafawa, gobe war haka dabbar Inna tana hanyar arewa a garken wani, kuma ba za ta dawo gonarmu ba har abada, don mai saukar da ita ya tafi.

Na tsaya na yi aiki da ilimi. Masu ƙaton wuya da tozo, maza ne, na fid da su. Masu hantsa da 'yan maruƙa a gindinsu, sun haihu, ba karsana ba ne, na fid da su. Akwai wata babba a cikinsu mai karkataccen ƙaho da ta bi ni da kallo tana kaɗa kunne, na wuce ta ko waiwaye ban yi ba. Sai ga wata can gefe, ja jawur, goshi fari kamar an shafa alli, jiki sumul, wuya siriri, ƙaho madaidaici. Na zagaya bayanta na leƙa, da natsuwa irin ta likita. Babu kayan maza. Na durƙusa na ƙara leƙawa, na ga 'yan nonuwa ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Mace, ba ta haihu ba, ja, farin goshi. Na ɗora hannu a gadon bayanta na ɗaga murya.

"Ga ta."

Ba wanda ya ce uffan. Wannan shirun ya dame ni, amma na ce hassada ce. Aka jawo dabbar gaban Malam, aka miƙo mini buta. Ina alwala ruwan yana zuba a wandon kaki. Malam ya buɗe gafaka, ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Na miƙa hannu.

A daidai nan Allah ya ji tausayin Inna, ko ya ji tausayina, ban sani ba. Dabbar ta ɗan buɗe ƙafa ta saki fitsari. Ba daga baya ba, ta ƙarƙashin wutsiya, inda ko ni na san mace ke yi. Daga tsakiyar ciki ya zubo, shar, har yana fantsama a buzun Malam.

Malam ya ja littafin ya rufe da sauri. Ƙannen suka fashe, ɗaya har da zama a ƙasa. Babban bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ciwo.

Ya ce, "Furtumi ne, mai takarda. Sa ne da aka fiɗiye tun yana ƙarami, don ya yi sanyin hali ya zama takarkari ya ɗauki kaya. Shi ya sa ba ka ga abin da kake nema ba. Nonon kuwa kai ma kana da shi, buɗe rigarka ka gani."

Ban buɗe ba.

Ya juya ya ce, "Malam, ya dafa, ya faɗi. A wuce."

Ban san lokacin da na durƙusa ba, wandon kaki a cikin kashin shanu. Na ce, "Malam, don Allah. Ba ni ne mai ita ba. Mai ita tana kwance da kurkunu. Wautata ce, ba ƙaryarta ba."

Malam ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce da babban ɗan, "Maƙaryaci ba ya dafa furtumi ya ce karsana. Wannan ba ɓarawo ba ne, abin da ke damunsa daban ne." Sa'an nan ya dubi rana. "Shanu za su je rijiya. In sun dawo na yi la'asar zan raba. Shi ya gama nasa, ba zai ƙara dafawa ba. In mai ita ta zo da kanta kafin nan, a saurare ta. In ba ta zo ba, ba ruwana."

Tafiyar da na yi a sa'a biyu da safe, ban san yadda na yi ta ba a komowa. Takalmina ɗaya ya tsinke na jefar da duka biyun. Rairayi yana ƙona tafin ƙafa, ina gudu ina lissafin inuwa, ina kuma neman yadda zan faɗa wa Inna. Na shirya jawabi iri uku, duk akwai laifin Fulani a ciki.

Na shiga zaure, na ja ƙyaure, babu ƙoƙo babu zane. Na shiga tsakar gida na gan su a gaban Inna. Kaza ce ta tona ƙullin dusar, maƙwabciya ta gani ta kawo mata. Jawabaina uku suka watse. Na faɗa mata yadda aka yi tiryan-tiryan, har da fitsarin.

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta ce, "La'asar?" Na ce la'asar. Ta dubi ƙafarta, ta dubi inuwar danga.

"Je gidan maƙwabci ka aro abin hawa."

Na ruga na jawo jakin da na fara gani. Tana ganinsa ta ce, "Mai da shi. Wannan namiji ne, in ya ji warin mace a hanya zai watsar da ni. Jakar za ka kawo, mai duƙushi. Ka duba da kyau, yaro, wadda ɗan ke bi ita ce uwar." Na haɗiye wannan ma.

Ni da maƙwabciya muka ɗaga ta muka aza. Da ƙafar ta reto ƙasa, na ga ta cije leɓe har ya yi fari. Aka ɗaure tsinken kurkunun da tsumma don kada ya tsinke a hanya, don in tsutsar ta tsinke a cikin nama, ƙafar sai ta ruɓe. Wannan ma ya hau kaina: in ta rasa ƙafa, ni ne. In ta rasa dabba, ni ne.

Jaka mai shayarwa ba ta san sauri ba. Duƙushin ya tsaya shan nono, ta tsaya. Ya ga ciyawa ya ratse, ta juya ta bi shi. Ina ja, ina roƙo, ina kallon rana tana gangarawa. Hadarin gabas ya taso ya yi baƙi, iska ta fara kaɗawa, na ce shi ke nan, in ruwa ya sauko ko la'asar ba za su jira ba. Inna tana rungume da ƙoƙon duk hanyar. Sau ɗaya kawai ta ce in tsaya, ta sunkuya ta yi amai don zafi, ta goge baki ta ce mu je.

Muna hango gawon na ga Malam yana shafa addu'a. Ya riga ya sallame. An fara ware shanu kashi-kashi, kowane ɗa yana tsaye gaban nasa da sanda. Na yi ihu tun daga nesa kamar mahaukaci.

Babban ɗan ya zo ya gaishe da Inna, ya ga ƙafar ya kau da kai. Ya ce, "Inna, mun riga mun fara. Kuma ba za ki iya shiga garke a haka ba."

Ta ce, "Ba sai na shiga ba, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, bai taɓa sa ni na shiga ba. A ba ni ruwa kaɗan."

Aka ba ta. Tana bisa jaka ta dama dusar da yatsa, ta yafa tsohon zanen, ta ƙwanƙwasa ƙoƙon da zobenta sau uku. Sa'an nan ta yi kira da wata murya siririya da rabona da ji tun ina ɗan shekara goma sha shida.

"Zo, marainiya. Zo, zo, marainiyata."

Ba abin da ya motsa. Iska ta ɗauke muryar ta yi yamma da ita. Wani ƙane ya yi tsaki. Na fara karanta duk addu'ar da na iya. Ta sake ƙwanƙwasawa, ta sake kira.

Daga cikin kashin da aka riga aka ware wa ɗa na biyu, wata ta ɗaga kai. Babba ce, ja, farin goshi, ƙahon dama a karkace. Ita ce wadda ta bi ni da kallo da safe na wuce ta. Ta yi wani kuka mai kauri, ta ture sandar da aka gitta mata, ta taho tana sassarfa, hantsa tana lilo, 'yar maraƙa ja tana tsalle a bayanta. Ta zo ta tura hanci cikin zanen Inna tana huci, har jakar ta yi tangaɗi, sa'an nan ta sa baki a ƙoƙo.

Inna ta dafa goshinta. A nan ne na ga hawayenta, sau ɗaya a rayuwata.

Malam ya jawo gafaka. Babban ɗan ya ɗaga hannu. "Bar shi a rufe, Malam. Saniya ta riga ta rantse."

Daga bakin bukka tsohuwar ta ce, "Yanzu bakina ya shiga? To maraƙar tata ce, kun gani da idonku. Furtumin da ɗanta ya dafa da safe shi ma nata ne, shi ne ɗan farin saniyar. Uwar tasa ce ta ce a fiɗiye shi ya riƙa kai mata gyaɗa kasuwa." Babban ya tambayi ƙannensa da suka zauna da tsohon, suka ce haka ne. Aka jawo shi aka haɗa da uwarsa.

To, a nan ne ya kamata mai hankali ya yi shiru ya kama igiya. Amma da na ga tsoro ya wuce, ga mutane suna kallo, sai ilimi ya motsa. Na kakkaɓe wandon kaki na ce, yadda kowa zai ji, "Ashe dai takarda ba ta yi ƙarya ba, jinin saniyarmu na dafa. Kuma Inna, ke kika ruɗe ni. Saniya mai 'ya'ya biyu, kullum karsanata, karsanata. Ai kowane abu a kira shi da sunansa."

Inna ba ta ko ɗago daga shafa goshin saniyarta ba.

Ta ce, "Ita sabo ne ya sa nake ce mata karsana, ta girma ta bar sunan tuntuni. Kai kuwa da nake ce wa yaro, har yau ba ka ba ni dalilin sake maka suna ba. Kama igiyar jaka."